Da an ce "ɗan leƙen asiri" sai mu tafa? Ku ji yadda aka yi da Janar Ali Ghediri



Akwai wata kalma da ta yi arha a bakinmu ƴan shekarun nan, har ta fi gishiri arha a kasuwa: "ɗan leƙen asiri". A fada, kafin a sauke shayi na biyu an riga an liƙa wa mutum uku ita. A WhatsApp kuwa ba a magana. Wani zai ɗauki bokal na minti biyu, ba sunansa, ba shaida, ya ce wane yana kai wa Turawa rahoto, kafin magariba bokal ɗin ya tashi daga Dakoro ya sauka Magarya. Mu kuma mu saurara, mu tura gaba, mu ƙara da "Allah ya tona asirinsu". Shi ya sa yau muka ɗauko labarin mutum guda da aka jefa da wannan kalma a Aljeriya, maƙwabciyarmu ta arewa, don mu bi shi tun daga ranar da aka faɗe ta har ranar da ya fito daga kaso. Labarin can ne, amma duk mai kunne zai ji inda ya taɓa mu.

Sunansa Ali Ghediri. An haife shi a 1954 a Ouenza, garin haƙar ƙarfe da ke gabashin Aljeriya kusa da iyakar Tunisiya. Soja ne tun ƙuruciya, ya yi karatu har Tarayyar Sobiyet kamar hafsoshin ƙasar da yawa na zamaninsa, ya hau har muƙamin manjo-janar. Shekara 15, daga 2000 zuwa 2015, shi ne daraktan ma'aikata a ma'aikatar tsaron ƙasar. Ku gane nauyin kujerar nan: takardar ƙarin girma, ta canjin wurin aiki, ta ritaya, duka ta teburinsa suke bi. Mutumin da ya zauna nan shekara 15 ya san gidan soja ciki da bai. A 2015 ya ajiye kaki ya koma gida. Da ya ja bakinsa ya yi shiru, da yau yana cin fanshonsa yana wasa da jikoki, mu ma nan da ba mu taɓa jin sunansa ba.

To, bai yi shiru ba, ga kuma dalili. Abdelaziz Bouteflika yana kan mulki tun 1999. A 2013 ya gamu da shanyewar jiki, ya koma keken guragu, magana ma da ƙyar. Abin ya kai a tarukan siyasa hotonsa ake ɗaukowa cikin firam a ajiye a gaba, manyan mutane da kwat da nakatai suna yi wa hoto jawabi. Duk da haka na kewaye da shi suka shiga shirin wa'adi na biyar, wasu ma suna raɗe-raɗin a ɗage zaɓen 2019 a ƙara masa lokaci. Mu ƴan Nijar ba sai an fassara mana wannan ba, muna da sunansa tun 2009: tazarce.

A ƙarshen Disamban 2018 Ghediri ya yi hira da jaridar El Watan. Abin da ya faɗa a taƙaice shi ne, shugaban rundunar soja, Janar Ahmed Gaïd Salah, bai kamata ya bari a taka kundin tsarin mulki yana kallo ba. Ƴan kwanaki kaɗan ma'aikatar tsaro ta fito da sanarwa mai zafi kan tsofaffin hafsoshin da ke sa baki a siyasa. Dama an riga an shirya musu bulala. A 2015 an kama wani janar mai ritaya, Hocine Benhadid, bayan ya soki ƙanen shugaban ƙasa da shi Gaïd Salah a wata hira, a 2016 kuma aka yi dokar da ta ɗaure bakin tsofaffin hafsoshi ko bayan sun bar aiki. Ghediri ya san da wannan duka. A Janairun 2019 sai ya ce shi ma ɗan takara ne a zaɓen 18 ga Afrilu.

Abin da ya biyo baya wasunku sun gani a talbijin. Ranar 22 ga Fabrairu jama'a suka cika titunan Alje, babban birnin ƙasar, da sauran birane, zanga-zangar da ake kira Hirak, kowace Juma'a ba fashi. Ranar 26 ga Maris Gaïd Salah da kansa ya fito ya nemi a yi aiki da sashe na 102 na kundin tsarin mulki, wanda ya tanadi sauke shugaban da rashin lafiya ta hana shi aiki. Ranar 2 ga Afrilu Bouteflika ya sauka. Ku riƙe wannan da kyau, don nan ne abin dariyar da ba dariya ba yake. Abin da Ghediri ya roƙi shugaban soja ya yi a Disamba, wato ya tsaya bayan kundin tsarin mulki, shi ne shugaban sojan ya ce yana yi a Maris. Shi aka yi masa tafi. Wanda ya riga shi faɗa da wata uku kuwa, ranar 13 ga Yunin 2019 aka tura shi gidan kaso.

Tuhuma biyu aka ɗora masa. Ta farko, wai yana da hannu wajen miƙa wa wakilan ƙasashen waje bayanan da za su cuci tattalin arziƙin ƙasa. A Hausar kowa da kowa, leƙen asiri ke nan. Ta biyu, wai ya shiga aikin sanyaya gwiwar sojoji a lokacin zaman lafiya.

Ta farkon ita ce mai dafi, ita ce ta yi aikin da ake so. Janar da ya riƙe takardun hafsoshin ƙasa shekara 15, a ce yana zuba wa baƙi bayanai? Wa zai tsaya masa? Abokin da ke son zuwa gaishe shi sai ya yi tunani sau biyu. Ɗan jaridar da ke son tambaya sai ya tuna yana da iyali. Talakan da ke kan titi yana neman canji kuwa sai ya ce ai dama mun faɗa, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Kalma guda ta raba shi da kowa a yini ɗaya, tun alƙali bai buɗe takarda ba.

Mi ya faru da wannan babbar tuhuma? Ta faɗi tun ba a je ko'ina ba. Alƙalan da ke tace tuhuma kafin a shiga shari'a suka ajiye ta. Da aka gurfanar da shi a Satumban 2021, bayan wata 27 yana tsare ba hukunci, babu maganar leƙen asiri cikin abin da aka hukunta shi a kai. Saura ta biyun kaɗai, sanyaya gwiwar soja, kuma ƙashin bayanta hirar nan ce ta El Watan, hirar da aka buga a fili, duk mai kuɗin jarida ya saya ya karanta. A kanta aka yanke masa shekara 4.

Dan Allah jama'a mu yi wa kanmu adalci. Rundunar Aljeriya tana cikin mafi ƙarfi a Afirka, ga jirage, ga tankoki, ga kuɗin gas da man fetur. A ce shafin jarida guda na wani dattijo mai ritaya ya sanyaya mata gwiwa? In gaskiya ne, to abin kunyar na rundunar ne. In kuwa ba gaskiya ba ne, an ɗaure mutum ne don ya buɗe baki ya kuma nemi kujera, aka rasa sunan da za a ba laifin. Hausawa sun ce maƙiyinka ko ruwa ka shiga sai ya ce ka tada ƙura.

Kuma ku dubi yadda aka yi da sauran. Gaïd Salah ya rasu ranar 23 ga Disamban 2019, ƴan kwanaki bayan an zaɓi Abdelmadjid Tebboune. Saïd Bouteflika, ƙanen tsohon shugaba, da Janar Mohamed Mediène da ake kira Toufik, wanda ya riƙe hukumar leƙen asirin ƙasar shekara 25, kotun soja ta Blida ta ɗaure su shekara 15 a 2019 kan ƙulla wa soja da hukuma makirci. A Janairun 2021 aka wanke su daga wannan tuhuma. A Fabrairun 2021 aka saki fursunonin Hirak da dama. Ghediri yana ciki, yana jin ana buɗe ƙofofin maƙwabta.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne na 2023. Shekara 4 ɗinsa za su cika a watan Yuni, iyali sun fara ƙirga kwanaki. A watan Mayu, saura wata guda, aka sake zaman shari'ar, aka mayar da hukuncin shekara 6. Ba sabon laifi, hirar nan dai ce ta 2018. Duk wanda ya taɓa kai wa ɗan uwansa tuwo gidan kaso ya san mi ake nufi da saura wata guda. Shekara biyun da aka ƙara sun tsallake da shi zaɓen shugaban ƙasa na 2024 yana kulle. Sai a Yunin 2025 wa'adin ya cika. Ya shiga yana da shekara 65, ya fito yana da 71.

Kada wani ya ce mun mayar da shi waliyyi. Ba mu ce ba. Shekara 15 yana cikin gidan, yana sa hannu, ana gyara kundin tsarin mulki a 2008 don Bouteflika ya zarce, ba a ji ɗuriyarsa ba. Bakinsa bai buɗe ba sai da kujera ta bar hannunsa, kuma irin wannan jarumta ta bayan ritaya mun san ta a nan ma. Matasan Hirak da yawa ba su yarda da shi ba, suna ganin ɗan gida ne da ya canza riga, wasu na cewa yaron Toufik ne, shi kuma yana musantawa. Abin da suke nema a titi mulkin farar hula ne, to ina su ina wani janar kuma? Da mu ƴan ƙasar ne, wataƙila da ba mu jefa masa ƙuri'a ba. Sai dai ƙin zaɓen mutum daban, kiransa maci amanar ƙasa daban. Na farko haƙƙinka ne, ba wanda zai tambaye ka dalili. Na biyu kuwa sai ka kawo shaida, in babu ka yi ƙazafi, ko kai talaka ne a fada ko kai hukuma ce mai hatimi.

Kada kuma a ce mun ce babu ƴan leƙen asiri a duniya. Akwai su, har cikin janar-janar, kuma hukuma na da cikakken haƙƙin sa ido kan wanda ya riƙe sirrinta. Bari mu ba ku misalin na gaske daga Tarayyar Sobiyet, inda shi Ghediri ya yi karatu, don ku ga bambanci. Dmitri Polyakov manjo-janar ne a hukumar leƙen asirin sojan ƙasar. Tun 1961 ya fara ba Amurka bayanai, yana aiki a New York, daga baya Bama da Indiya, gida kuma ana ta ƙara masa girma. Ya yi ritaya a 1980 ba wanda ya kama shi. Sai da wani jami'in CIA, Aldrich Ames, ya sayar wa Mosko sunayen masu yi wa Amurka aiki, sannan aka kama shi a 1986, aka kashe shi a 1988. Ku lura da halinsa. Bai taɓa hira da jarida yana sukar manya ba, bai nemi takara ba, bai ja hankalin kowa ba. Kamun kifi da sassaƙar katako su ne abin da aka san shi da su. Jarin mai wannan sana'a shiru ne da "ranka ya daɗe". Wanda ya hau mumbari ya ce ga ni, ga sunana, ku zaɓe ni, ya zaɓi hanya mafi muni ta ɓuya. Wannan kaɗai ba ya wanke mutum, mun yarda, amma ya isa ya sa mai hankali ya dakata kafin ya tura bokal.

Mun san abin da wasu za su rubuto: "Mi ya dame mu da janar ɗin Aljeriya? Ƙasar da ke koro mana ƴan uwa?" Haushin nan mun san shi, ba baƙonmu ba ne. Mun san matan Kance da Matamai da ke tafiya Tamanrasat da yara a goye, mun san motocin da ke sauke su a Assamaka, mun san baƙin da ake zubarwa cikin hamada su taka kilomita 15 a ƙasa kafin su ga ruwa. Amma ku duba da kyau, hannun da ya kulle Ghediri ba tare da shaidar da ta tsaya a kotu ba, ba shi da bambanci da hannun da ke kwashe mutum daga wurin aikin gini a jefa shi mota ba tare da ya ga alƙali ba. Hukumar da ta saba yi wa janar ɗinta haka, mi za ta ji don ta yi wa ɗan ci-rani? Wanda ya yi murna da na farko bai da bakin kuka da na biyu.

Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Ƙasarmu ta ga juyin mulki sau 5: 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Ba wanda zai koya mana abin da soja ke iya yi in ya ga dama. Amma mun ga wata hanyar ma. Tanja Mamadu tsohon soja ne, ya ajiye kaki, ya tsaya takara a 1993 ya sha kaye, ya haƙura, ya dawo ya ci a 1999 da 2004. Abin da ya biyo baya na tazarce laifinsa ne, ya kuma biya. Salu Jibo da ya kifar da shi a 2010 ya miƙa mulki a 2011, a 2020 ya fito neman ƙuri'a kamar kowa, bai samu da yawa ba, ya koma gida lafiya. Ba wanda ya kira su ƴan leƙen asiri don sun nemi kujera ta akwatin zaɓe. Wannan abu ne da muka yi daidai, ya kamata mu san darajarsa. Don in tsohon hafsa ya zo ta ƙofa da takardar takara a hannu aka tarye shi da ankwa da sunan cin amanar ƙasa, mi ƙananan hafsoshin da ke kallo za su koya? Za su koyi cewa ƙofa tarko ce. Mai tsoro ya yi shiru har kabari, marar tsoro kuma ya nemi katanga da bindiga. Wallahi ba ƙasar da ta ci riba da wannan darasi.

Janar ma ke nan, mai lauyoyi, mai suna a jaridun duniya, ya sha shekara 6. To ina ga wanda ba shi da kowa? A unguwarmu akwai wani yaro direban wani porje, shekara da shekaru yana kai ma'aikata ƙauyuka rabon abincin yara masu tamowa. Rana ɗaya wani ya ɗauki bokal ya ce na'urar da ke cikin motar tana nuna wa Turawa inda sojojinmu suke. Na'urar nan kuwa kowace motar porje na da ita, don ofis ya san inda motarsa take in ta lalace a daji ko ɓarayi sun tare ta. Ba jandarma ko ɗaya da ya neme shi, ba a kira shi komisariya ba, hukuma ba ta ce uffan ba. Mu ne muka yi masa shari'a. Masu shayi suka daina miƙa masa kofi, mai shago ya daina ba shi bashi, iyayen yarinyar da zai aura suka ce a dakata tukuna "har ƙura ta lafa". Mahaifiyarsa ta daina zuwa biki da suna don kada a nuna ta da baki. Da manyan unguwa suka tsananta bincike, sai ga shi asalin maganar rigimar fili ce tsakanin gidansu da gidan mai bokal ɗin. Mutum nawa cikin waɗanda suka tura bokal na farko suka tura bayanin na biyu? Mu dai ba mu ga ko ɗaya ba, kuma ba mu cire kanmu ba, don mu ma da ya iso mana mun saurara har ƙarshe muka yi shiru.

Haka kalmar nan take aiki, a Alje ko a lungunmu. Faɗinta ba ya cin ko dala, cire ta kuwa ko kotu ba ta iyawa gaba ɗaya. Kuma tana da wata dabara da sauran zarge-zarge ba su da ita. In an ce mutum ɓarawo ne, za ka ce ina kayan? In an ce ya yi kisa, za ka ce ina gawar? Amma in an ce ɗan leƙen asiri ne ka ce ina shaida, sai a ce maka sirrin tsaro ne, ba a nunawa. In ka matsa, a juyo a ce kai ma mi ya haɗa ka da shi? Shi ya sa masu mulki ko'ina suke ƙaunarta, shi ya sa mai rigimar fili ma ya gano amfaninta.

Ba mu ce kowa ya rufe ido ba. Ƙasarmu na cikin yaƙi, ƴaƴanmu na mutuwa a Tilaberi da Difa, kuma akwai masu kai wa ƴan ta'adda labari da mai da abinci, wannan ba ƙarya ba ne. Wanda ya ga abin da bai gane ba, ga jandarmomi nan, ga mai gari, ga mai unguwa, ya je ya faɗa da sunansa da fuskarsa, a bincika. In an kama mutum, a kai shi gaban alƙali cikin lokacin da doka ta yanke, a ba shi lauya, a faɗa masa wace ƙasa ya yi wa aiki, wane bayani ya bayar, yaushe, ta hannun wa. In shaida ta tsaya, a hukunta shi, ba za ku ji bakinmu ba. In ta faɗi kamar yadda ta Ghediri ta faɗi, a buɗe masa ƙofa ranar nan, kada a shiga laluben wani laifin da za a rataya masa don kada a ji kunya.

Yaron unguwarmu dai ya bar aikin porjen, yana Yamai yana kabu-kabu. Auren bai yiwu ba, an ba da yarinyar ga wani bayan sallar layya. Filin kuma har yanzu maganarsa tana gaban mai gari.